Shekara uku a Fatakwal, ban taɓa shiga gidan kowa ba sai bana

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Tun ranar da na saka hotunan nan na cikin jirgin ruwa saƙonni ba su daina shigowa ba. Wasu dariyar rigar kariyar da ta yi min yawa suke yi, waɗannan na yafe musu. Amma mafi yawa tambaya ɗaya ce: me ya kai ka? Wani yayanmu a ƙungiyar ɗaliban Arewa, mutumin da nake ganin girmansa ƙwarai, har kirana ya yi. Ya ce, "Malam, karatu aka turo ka ko yawon buɗe ido? Idan wani abu ya same ka a ruwan nan, wa zai je Funtuwa ya yi wa Baba bayani?" Na ce masa Yaya ka yi haƙuri, na yi shiru, don ba a musu da babba a waya. Amma maganar ta tsaya min a rai, kuma ina ganin ba ni da shi kaɗai ta shafa ba.

Tsibirin Bonny na je, nan cikin jihar Ribas, a hutun Ista. Juma'a zuwa Litinin ne, kun san ba hutun zuwa gida ba ne. Kafin ka isa ka gama gaisawa da mutanen unguwa lokacin juyowa ya yi, ga kuɗin mota da ya zama abin da ya zama. Wani ɗan ajinmu ne ya gayyace ni, ɗan asalin can. Shekara uku muna zama benci ɗaya, ni ina fitar da shi a lissafi, shi yana gyara min Turancin rahoto. Sau biyu yana gayyata ta a baya ina ce masa insha Allah, irin insha Allahun nan da ni da ku muka san ma'anarta a'a ce.

Abin da ya sa na amsa a karo na uku, wata magana ce da ya yi cikin wasa. Ya ce, ku 'yan Arewa kuna zuwa garinmu ku tafi kamar masu jiran mota a tasha. Na yi dariya a lokacin. Da dare na kwanta na lissafa wuraren da na sani a Fatakwal: hostal, aji, masallaci, teburin mai shayinmu a Choba, sai tashar da nake hawa motar gida. Shi ke nan. Shekara uku cur. Ban taɓa cire takalmi a ƙofar gidan wani ɗan garin nan ba, ban san sunan mahaifiyar ko mutum ɗaya a ajinmu ba. Ku ma ku lissafa naku, na san da yawanmu taswirar ɗaya ce.

Ba na raina tsoron kowa, don ni ma da shi na tafi. Makonni kaɗan kafin tafiyar aka kashe 'yan uwanmu mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, a watan Maris na 2025, kuma daga nan Ribas suka taso za su gida Sallah. Allah Ya jiƙansu. A cikin watan ne kuma aka saka dokar ta-ɓaci a jihar nan. Hanyar ruwan Bonny ita ma ta sha fama da 'yan fashin ruwa, mutanen can da kansu ba sa ɓoyewa. Duk wanda ya ce min waɗannan ba dalilai ba ne na taka-tsantsan, ban yarda da shi ba. Inda muka rabu da Yayanmu shi ne: taka-tsantsan daban, kulle kai a ɗaki shekara huɗu daban, kuma mun daɗe muna kiran na biyun da sunan na farko.

Da sassafe muka hau jirgin, irin ƙaramin nan mai inji a baya. Akwai titin Bodo zuwa Bonny mai kusan kilomita 38 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2017, amma lokacin da muka je ba a gama ba, sai ta ruwa. Ni da ruwan da na fi sani shi ne dam ɗin Mairuwa, sai ga ni a kogin da ba na hango ɗaya gaɓar sosai. Duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har da wadda ba ta shafi tafiya ba. Wata tsohuwa da ke gefena da kwandon kaya a cinya ta ga yadda na ƙanƙame katako, ta dafa min gwiwa tana dariya, ta ce wa abokina wani abu da yarensu. Na tambaye shi, ya ce cewa ta yi ka saki jikinka, jirgin ya fi jin nauyin mai tsoro. Gefe da gefe itatuwa ne tsaye a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Can sai manyan jiragen dakon mai da gas, kowanne ya fi ginin dipatmen ɗinmu tsawo. Awa ɗaya da wani abu muka isa.

Da yake Juma'a ce, kafin mu je gida abokina ya tare mana acaɓa ya kai ni masallacin da 'yan Arewa ke sallah. Ni ban ma roƙe shi ba, ashe ya riga ya tambaya tun kafin mu taso. Ya zauna a inuwa a waje yana danna waya har aka idar. A nan na haɗu da wani dattijo mahauci, mutumin wajen Sakkwato, ya ce min ya haura shekara ashirin a tsibirin. Da muka fito na ji shi yana gaisawa da abokina da yaren Ibani, suna tsokanar juna, har ya san kakarsa. Wallahi kunya ta kama ni. Wannan bawan Allah bai yi boko ba, amma ya san mutanen da yake zaune a cikinsu. Mu da muke ɗaukar kwas ɗin zaman lafiya da sasanta rikici muna cin A, ko "ina kwana" da yaren maƙwabcin ɗakinmu ba mu iya ba.

Yanzu maganar abinci, don na san ita ce hujjar da muka fi fakewa da ita.

Da muka shiga gida, mahaifiyarsa ta rungume shi, ni kuma ta tsaya daga nesa ta ɗaga min hannu biyu, ashe ya faɗa mata ba na musabaha da mata. Ta ce, "Ɗana, sannu da zuwa." Sai ta ja ni bayan gida ta nuna min zakara ɗaure da igiya, ta miƙo min wuƙa. Ta ce tun shekaranjiya ta saye shi, ta hana kowa taɓawa, don an ce mata sai na yanka da hannuna zan ci. A kicin kuma ga sabuwar tukunya, ko takardar jikinta ba a ɓare ba. Ba na cikin masu saurin hawaye, amma sai da na juya baya na yi kamar ina wasa wuƙar. Matar nan ƙaramar sana'ar kifi take yi. Ba wanda ya tilasta mata, kuma da ba ta yi ba ma ba zan ga laifinta ba.

Kwana ukun nan na ci abin da ban taɓa zaton zai wuce maƙogwarona ba. Akwai onunu, doya ce da nunanniyar agada ake dakawa tare a zuba manja, ta fito ruwan ɗorawa, da ɗan zaƙi-zaƙi, a ci da farfesun ɗanyen kifi. Wannan kam ko gobe. Akwai miyar masunta, wadda kusan duk abin da koma ta kamo a ranar yana ciki: kifi, ƙaguwa, jatan lande, da wasu ƙananan dodon koɗi da suke kira isam, waɗanda ake tsotsowa daga cikin ɓawonsu. Na farko da na tsotsa ya wuce min kai tsaye, na yi ta tari, ƙannensa suka yi ta dariya har da faɗuwa. Sai gasasshiyar agada da kifi da miyar barkono a bakin titi, wadda ake sayarwa a ƙofar makarantarmu ma, amma shekara uku ina wuce ta ina kawar da kai.

A nan nake son mu yi wa kanmu adalci. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a cikinta, abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, wanda ke shakka ya tambayi malaminsa. To mutanen da kusan duk abincinsu daga ruwa yake fitowa, me ya rage na hujja? Nama ne, kuma maganinsa ka yanka da kanka ko a saya a wurin mahautanmu da ke ko'ina. Giya ce, kuma ba wanda ya ɗura min. Mahaifinsa ya fito da kwalba don tarbar baƙo kamar yadda suka saba, ya tuna, ya mayar, ya aika aka sayo min lemo. Abin da ya rage ƙyanƙyami ne kawai, kuma ƙyanƙyami ba hukuncin shari'a ba ne. Mu da muke cin fara da yaji muna lashe yatsa, bai kamata mu riƙa yatsina fuska don wani ya ci ƙaguwa ba.

Ranar Asabar mahaifin ya zagaya da mu cikin gari da ƙafa. Garin bai da girma sosai, amma kusan kowace kwana da labarinta. A ƙarni na 18 Bonny na cikin tashoshin da aka fi lodin bayi zuwa ƙetare a duk gaɓar Afirka ta Yamma, daga baya cinikin ya koma na manja. Sarkinsu Amanyanabo ake ce masa, kuma garin a rarrabe yake gida-gida, kowane babban gida da shugabansa, a da har da jiragen yaƙinsa. Jaja na Opobo da muka haddace don jarabawa, ashe a nan ya tashi. Yaro ne da aka sayo daga ƙasar Ibo, ya yi ta hawa har ya shugabanci gidan Anna Pepple. Yaƙin basasar 1869 ne ya fitar da shi, ya je ya kafa Opobo a 1870, Turawan Ingila suka kama shi suka fitar da shi daga ƙasar a 1887. Da dattijon yake bayanin yadda bawa ke zama shugaban gida, sai na ce masa ai mu ma a Kano akwai sarautun bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, masu ƙarfin faɗa a ji a fada. Ya tsaya cak ya ce in maimaita. Shi a saninsa Arewa shanu ce da sojoji. Ka ga ashe rashin sanin ba a ɓangare ɗaya yake ba.

Ya nuna min babbar majami'ar St. Stephen daga waje, ya ba ni labarin zuwan Bishop Ajayi Crowther a shekarun 1860, da yadda a da guza abin girmamawa ce a garin, ba mai taɓa ta, har sai ranar Ista ta 1867 da sarki George Pepple ya soke abin. Ranar Lahadi suka tafi cocinsu, ni na zauna a gida da rimot da kular abinci. Ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya yi min wa'azi. Da lokacin sallah ya yi, ƙaramar ƙanwarsa ce ma ke zuwa ta tsaya a ƙofar ɗaki tana korar sauran yara kada su gitta ta gabana.

Finima ita ce ɗaya garin da muka je. Asalin garin an tashe shi ne aka mayar da shi sabon wuri don a gina masana'antar gas ta NLNG, wadda jirginta na farko ya tashi a watan Oktoba na 1999. An kuma keɓe dajin da ke kusa, kimanin hekta 1,000, aka hana sara da farauta a cikinsa. Mun shiga da ɗan rakiya. Daji ne mai duhu da danshi, ƙasa na nutsewa a ƙarƙashin takalmi, birai na tsalle a sama, sauro kuma ba ya jiran dare. Akwai ƙasusuwan wani katafaren kifin teku da aka jera, haƙarƙari ɗaya ya fi ni tsawo. Daga nan muka fita bakin teku. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai gani ba, kuma ba zan gwada ba. Na dai tsaya na fi minti ashirin ban ce komai ba, har abokina ya tambaya ko lafiya.

Kada wani ya ɗauka aljanna na je. Kwana uku ba a ɗauke wuta ba, wannan gaskiya ne, kuma ɗan Funtuwa dole ya jinjina. Amma komai da tsada, don a lokacin kusan komai sai an ɗauko shi a jirgi. Bakin ruwa cike yake da robobi da leda. Ka ga rukunin gidajen ma'aikatan kamfanoni da ciyawa shar a bayan waya, ka yi tafiyar minti kaɗan ka tarar da gidajen katako da kwano a kan taɓo. Kuma a tashar jirgi wani matashi ya kalli hulata ya jefo min maganar Boko Haram, mutane biyu suka yi dariya. Kafin in buɗe baki wata mai sayar da kifi da ba ta san ni ba ta wanke shi tas, amma dai ya faɗa, kuma ta yi min ciwo.

Abin da ya fi tsaya min shi ne hirar da muka yi da kawunsa, masunci. Ya nuna min wani ɗan maiƙo mai launi-launi da ke yawo a saman ruwa, ya ce lokacin da yake yaro ba ya nisa yake cika jirgi, yanzu sai ya ƙona fetur mai yawa ya shiga can ciki. Ni ne fa a aji nake ɗaga murya idan an zo muhawarar kashi 13 na arzikin mai, ina cewa ai da kuɗin gyaɗa da auduga aka riƙe ƙasar kafin a samu man. Har yanzu ban janye duka ba, ina da abin faɗa. Amma ɗanyen man nan da ake kira Bonny Light, wanda muke rubutawa a takardar jarabawa, da wani kaso mai yawa na gas ɗin da iyayenmu mata ke girki da shi, ta ƙofar gidan mutumin nan suke wucewa. Idan ya yi ƙorafi yanzu na san abin da yake nufi. Kuma da na ba shi labarin ƙauyukan wajenmu da aka daina noma saboda 'yan bindiga, ya ajiye komar da yake ɗinki ya saurara har na gama. Ya ce shi bai taɓa jin wannan daga bakin wanda abin ya shafa ba.

To gobe mu ne za mu zama ma'aikata, 'yan jarida, wasu ma 'yan majalisa. Iyayenmu sun biya kuɗin mota mai yawa sun turo mu nan, mun samu damar da ɗan uwanmu da ke karatu a Zariya ko Kano bai samu ba, ta zama da mutanen nan ido da ido. Idan muka koma da kwalin digiri kawai, da labaran da muka zo da su tun daga gida ba a taɓa ko ɗaya ba, to me zamanmu a nan ya ƙara? Kuma su ma haka za su ci gaba da saninmu, Aboki mai hula wanda ba ya cin abincin kowa.

Ba cewa nake kowa ya ɗauki jaka ya faɗa ruwa ba. Ni da ɗan gari na tafi, wanda na sani shekara uku, gidan iyayensa na sauka, da rana muka yi tafiya, kuma mutum biyu a hostal sun san inda nake da lambar da za su kira. Wanda zai je ya yi haka. 'Yan uwa mata kuma na san lamarinku ya fi namu sarƙaƙiya, ba zan zauna a nan in tsara muku ba, amma ƙawar ajinku da gidansu ke nan cikin gari, wunin Asabar ɗaya ku biyu ko uku ba zai gagara ba.

Kuskure ɗaya na yi, kuma a nan Yayanmu ya fi ni gaskiya: ban faɗa wa Baba ba sai da na dawo. Na san zai hana, shi ya sa. Da na kira na faɗa masa ya yi shiru mai tsawo, irin shirun da ya fi faɗa zafi, sannan ya ce kada in sake. Na ce in sake zuwa ko in sake ɓoyewa? Ya ce ɓoyewar. Wanda zai yi koyi da ni kada ya yi koyi da wannan.

Ranar Litinin da za mu taho, Mama ta ƙulle min busasshen kifi da jatan lande a leda uku, ta ce in kai wa mahaifiyata. Na ce mata insha Allah, ta gaskiyar wannan karon, ɗanta zai bi ni Funtuwa da Babbar Sallah ya ga hawan sarki ya ci nama har ya gaji. Sai fuskarta ta canza. Ta ce, "Ɗana, ba a jihar Katsina garinku yake ba? Ina jin labarai a rediyo." Na buɗe baki zan ce ai cikin gari lafiya lau, ai ba kamar yadda ake faɗa ba ne, ai yana tare da ni, sai na ji kalmomin da ɗanta ya yi shekara biyu yana faɗa min ne sak. Kuma ba zan iya ce mata tsoronta ƙarya ba ne, don na san hanyoyin da mu kanmu ba ma bi bayan la'asar.

Ta ce za ta yi tunani. Kifin ya isa gida ta hannun wani direba, Hajiya ta kira tana tambayar yadda ake dafa jatan landen, kuma ta riga ta sa an yi odar kilishi da dakuwa da za a kai wa matar. Ta ce in ba ta lambarta su gaisa, ko da yake ban san da wane yare za su yi ba, Hajiya ba Turanci, Mama ba Hausa. Na ce zan haɗa kiran in yi musu tafinta ranar Juma'a bayan an sauko. Abokina dai har ya auna kaftani a wurin telanmu na Choba.